Daga Abashe da Motar da Ke Ƙin Tashi

Na daɗe a Abashe, can gabashin Cadi, kafin in ji bakin da ya yi mini Hausar gida. Hausawa kam akwai su, unguwa guda ma, amma galibinsu a can aka haife su, Hausarsu ta sha Larabci ta ƙoshi. Ka gaida mutum, ya amsa maka da abin da sai ka koma gefe ka tace. Ni direba ne, sunana Ya'u, Alhaji Barau na Birnin Kudu nake ja wa mota. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasarmu, kowane mai ɗan hali yana laluben abin da zai kama, shi kuwa Alhaji ya kama fatu da ƙiraga. Ya sayi wata tsohuwar jif a hannun Turawan haƙar rijiya, irin mai safayar taya kwance a kan bonet, ya ce mu tafi inda fata ke da araha. Ban san araha tana da nisa haka ba.

Aikina bai wuce in kai su ƙauyuka in dawo da su ba, shi da dillalinsa Malam Tanko, wani siririn mutum ɗan Sundimina wanda bai taɓa ganin abu ya rasa fassararsa ba. Tsuntsu ya gifta ta hagu, yana da magana. Tulu ya fashe, ya san wanda ya jawo. Sauran lokacin ina zaune a inuwar mota ina korar ƙuda. Jandarma, 'yan sandan can, su zo su yi mini Faransanci, in yi musu murmushi, su kwashe goron da ke gaban mota su wuce. Masu sayar da fetur a durom su haɗa mini da kananzir suna rantsuwa. Abinci kuwa kullum kisira, wata 'yar siririyar waina mai tsami wadda ko nawa ka ci cikinka na tambayarka yaushe za a ci abinci. Da yamma in na kalli duwatsun bayan garin sai in tuna namu na Birnin Kudu, inda muke hawa muna yara mu hango shanu suna komowa. Na yi kewar gida har na rame.

Wata safiya ina wucewa ta bayan masallacin unguwar Hausawa sai na ji ƙanshin daddawa. Ban yi shawara da kowa ba, hancina na bi, ya kai ni wata 'yar rumfa inda wata tsohuwa ke sayar da ɗumamen tuwo da miyar kuka.

Na ce, "Inna, ina kwana? A ɗan zuba mini."

Ta dakata da ludayi a hannu. Ba ido ta juyo mini ba, kunne ta karkato.

"Sake faɗa in ji."

Na sake.

"Kai ɗan nan, daga ina?"

"Daga Birnin Kudu."

"Birnin Kudu ta wajen Gwaram?"

"Ita fa, Inna. Akwai wata ne?"

Ta ajiye ludayin, ta lalubo hannuna ta riƙe.

Sunanta Inna Hansai, mutuniyar Fagam. Tana da ƙuruciya mijinta ya sayar da shanunsa suka kama hanyar Makka a ƙasa. Sun yi tsintar auduga a Sudan, sun yi abin da za su yi har Allah ya nufa suka sauke farali. A dawowa mijin ya kwanta a Abashe bai tashi ba. 'Ya'yan da ta haifa a hanya, hanyar ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna da nufin in ta ɗan farfaɗo ta wuce, sai furfura ta same ta a wurin. Wani alhaji da ya wuce ya gaya mata ƙaninta Jibo yana nan da rai a Fagam. Yanzu kuma yana ta fara rufe mata ido, mutum in ba ya zo dab ba sai dai ta ga duhunsa.

Tun daga ranar ban ƙara cin kisira ba. Kullum sai ta ajiye mini nawa a rufe, in na miƙa mata abin hannuna ta buge mini hannu. Ladanta ɗaya ne, in zauna ta yi ta tambaya. Har yanzu kogin Gwaram yana hana ƙetarawa da damina? Ana cin kasuwar Maruta? Wanda na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ƙaga mata mai daɗi. Da ta ji mun kusa gama sayayya sai ta ce, "Ɗana, ina so in ga Fagam da sauran idon da ya rage mini."

Na kai maganar wurin Alhaji ina jin tsoro, sai na ga ba ta yi wuya ba. Ya ce lada ne, a gyara mata wuri a baya tsakanin ƙiraga. Alhaji Barau ba mugun mutum ba ne, ina so a riƙe wannan.

Kayanta ba su da yawa: ƙunshin zannuwa, ƙwarya, sanda, sai wata tsohuwar salka ta fatar akuya wadda ta ce da ita mijinta ya je Makka. Malam Tanko ya ga za ta shiga da ita baya ya ce a'a, ruwa da ƙirgi ba sa shiri, ta ɗora ta can cikin ramin safayar da ke kan bonet. Nan ta ɗaure ta. Iska na bugun ta muna tafiya, ruwan ya yi sanyi kamar na randar ƙasa, har Malam Tankon sai da ya yaba. Inna ta ɗauki wannan aikinta ne. Duk inda muka sami rijiya ita ce mai cikawa, ita ce mai ɗaurewa, ita ce mai kwancewa ta ba kowa ya sha.

Ƙarshen bazara muka taso, hadari ya fara leƙowa ta kudu. Duk wanda ya san hanyar nan ya san in ruwa ya sauka ta rufe ke nan, laka ce har gwiwa, sai bayan damina. Dajin kuma ba lafiya a lokacin, ana ta raɗe-raɗin masu bindiga. Don haka kowa ƙagare yake.

A Umm Hajar muka fara kwana. Da safe na murɗa makulli, inji ya juya, gur-gur-gur, da ƙarfinsa, amma bai kama ba. Na sake, haka. Na taka totur na sake, jif ta ce ba ta san zancen ba. Inna ta sauko, ta kwance salkarta ta nufi gindin wata aduwa, don in ji daɗin ɗaga bonet.

Ban damu ba. Inji in yana juyawa bai kama ba, batir ya fita daga zargi, saura abu biyu: ko mai ba ya zuwa, ko wuta ba ta zuwa. Ni kuwa na san irin fetur ɗin da aka sayar mini, don haka ta wajen mai na fara. Na cire tiyo na zuƙa har ya cika mini baki, na kwance kafireto na wanke, na tace man da hulata. Kafin in gama hantsi ya dubi ludayi, ƙarfe ya yi zafi ba ya taɓuwa. Na murɗa, bugu ɗaya ta tashi.

Na ce, "Datti ne, Alhaji. An gama."

Ranar muka yi tafiya mai kyau, muka kwana a fili inda ba gari ba rijiya, muna lallaɓa ɗan ruwan da ya rage. Da safe ta tashi ko tari ba ta yi ba. Na ji kaina ya yi girma, har na yi wa Malam Tanko ba'a cewa tsuntsayensa sun yi hutu.

Da rana muka tsaya wani ƙauyen Larabawan Shuwa mai rijiya, muka yi azahar, muka huta sai da zafi ya karye. Na murɗa, gur-gur-gur, shiru. Wannan karon wuta na bi. Na cire wayar filogi na kusantar da ita jikin inji, Alhaji ya murɗa mini makulli, tartsatsin da na gani ɗan ja ne, ya zo ya ɗauke. Mutanen ƙauyen suka taru suka tura mu cikin yashi, gaba da baya, har wani dattijo ya faɗi ya tashi yana dariya, ba ta kama ba. Ba su karɓi komai ba, shayi ma suka dafa mana, wata mata ta kawo wa Inna nono a ƙwarya. Ni kuwa na goge filogai, na kankare kwantak, 'yan ƙarafan nan masu ɗauke wuta su sake ta, na matse duk wayar da hannuna ya kai. Can na sake gwadawa, tartsatsi ya fito shuɗi fes, ta tashi.

A nan hankalina ya fara tashi. Motar da ta mutu gaba ɗaya ba ta ba ni tsoro, za ka bi ta sannu a hankali har ka kama mai laifin. Wadda ke ba ni tsoro ita ce wadda za ka taɓa abu uku ta tashi, ba ka san wanne ne a ciki ba, ko ma ba ko ɗaya.

A Ati Alhaji ya ce a kai ta wurin makaniki. Raina bai so ba, amma ba ni da bakin magana. Aka nuna mana wani mai babban tumbi da ake ce wa Usta. Tsakar rana ce, jif na tashi kamar ba ita ba, ya kashe ya tayar, ya kashe ya tayar, sannan ya buga ƙirji ya ce koyil ne, wato tulun da ke haɗa wuta. Ya aike ni sayen shayi, kafin in dawo ya canza. Sai da muka bar garin na kankara da farce na ga wani tsohon koyil ne aka shafa wa baƙin fenti. Nawa mai kyau yana can a aljihun Usta. Na haɗiye, don in na faɗa ni za a ce na yi sakaci.

Washegari da safe ta ƙi. A nan Malam Tanko ya buɗe baki.

"Alhaji, ni fa tun Umm Hajar nake kallo. Wata nawa muka yi a Abashe, motar nan ta taɓa yi mana haka?"

Alhaji ya ce ba ta taɓa ba.

"To me ya ƙaru a cikinta?" Ya rage murya, amma ba sosai ba. "Mace ta fita da miji, miji ya mutu. Ta haihu, ba wanda ya tsaya. Wannan ai ba sai an je wurin malami ba. Farar ƙafa ce."

Na ce, "Malam Tanko, ka ji tsoron Allah. Ƙarfe ne fa. Me ƙarfe ya sani game da ƙafar mutum?"

"To mu gwada mana, tunda kai ne masanin ƙarfe. Kada ka taɓa komai, ko bonet kada ka ɗaga." Ya juya ya ɗaga murya. "Inna, ɗan je ki gindin bishiyar can ki huta."

Ta sauko, ta kwance salkarta kamar kullum, ta dogara sanda ta tafi. Muka zauna muna jira har rana ta ɗaga. Malam Tanko ya nuna mini makulli da leɓe. Na murɗa ina roƙon Allah a zuciyata kada ta tashi. Ta tashi, bugu ɗaya, ban ɗauki ko sifana ba.

Na yi shekaru cikin baƙin mai, na san abin da na sani, amma ga shi ta tashi a kan idona. Alhaji ya kalli ƙasa. Inna ta dawo ta ɗaura salka ta hau, ban iya kallon fuskarta ba.

Daga nan tafiyar ta yi nauyi. Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi. Duk inda ta ƙi, Malam Tanko sai ya gaya wa masu tura mu dalili da guntun Larabcinsa, in ga mata suna janye 'ya'yansu daga kusa da Inna. Ita kuma ta daina tambayata labarin Gwaram. Ruwa dai ba ta fasa ba mu ba, sai dai Malam Tanko ya daina karɓa daga hannunta, sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ni kuwa ba abin da ban buɗe ba. Har kwanon nan mai raba wuta ga filogai, wanda muke kira distributa, na buɗe shi na duba, na same shi a bushe tas, na mayar. Abin da ban lura da shi ba, kullum shi nake kaiwa ƙarshe, bayan rana ta gama dukan injin.

Wata yamma muka sauka wani ƙaramin ƙauye mai rijiya ɗaya, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta kudu, har an yi 'yar yayyafi. Bayan magariba Alhaji ya kira ni gefe. Ya ce ya yi magana da limamin garin, zai bar Inna a gidansa da guzuri, in wata mota ta zo ta taho da ita.

Na ce, "Alhaji, wace motar? Ruwan nan in ya sauka ba mai wucewa sai kaka. Kuma ko an wuce, wa zai ɗauke ta? Labarin ya riga mu yin gaba, duk direban hanyar nan zai ji. Idonta kuma ba zai jira kaka ba."

Ya ce, "Ya'u, ka ce mai ne. Ka ce filogi ne. An ce koyil ne. Duk abin da na mallaka yana bayan motar nan, ga rayuka uku. Gaya mini mene ne, yanzu in bar maganar."

Ban san mene ne ba, kuma ban taɓa jin haushin hannuwana irin na ranar ba.

Ya ce, "To shi ke nan. Gobe da safe in ta tashi bugu ɗaya, mu tafi da ita. In ta ƙi, ka san sauran."

Da na juyo sai na ga Inna a zaune a bayan motar tana jan carbi. Idonta ne ya raunana, kunnenta lafiya lau yake.

Da muka idar da sallar asuba na je gaishe ta, na tarar da wurin wayam. Ba ƙunshi, ba sanda, ba ƙwarya. Salkar kawai ta bari, cike tam, a ɗaure a cikin taya inda take ɗaure ta.

Malam Tanko ya ce, "To, ta san kanta. Allah ya raba mu lafiya."

Alhaji ya juyo ya ce da ni a hankali, "Tayar."

Na murɗa. Gur-gur-gur. Na sake. Gur-gur-gur. Tun da nake tuƙi ban taɓa murnar mota ta ƙi tashi ba sai ranar. Na leƙo ta taga na ce, "Malam Tanko, ko ka leƙa ƙarƙashi, wataƙila ta manta ƙafar tata a nan?"

Na sauko zan ɗaga bonet. Yau ba mai ɗauke mini salka, karo na farko ke nan da na kwance ta da hannuna. Da na ɗaga ta sai na ji ƙasanta sharkaf. Wannan ba abin mamaki ba ne, salka dama haka take, tana tsatsafo ruwa ta jikinta, shi ne ma ke sanyaya na ciki. Amma ruwan ina yake zuwa? Na zura hannu cikin ramin tayar, na ji ya taru ya kwanta, ga kuma wata 'yar huda inda wani kusa ya taɓa zama ya fita. Na ɗaga bonet a hankali, rana ba ta fito ba tukuna. Ga ɗigo nan yana reto a cikin bonet ɗin, ina kallo ya saki, ya faɗa daidai kan murfin distributa.

Na ɓalle murfin na juya shi. Cikinsa duk raɓa, ƙananan ɗigo jere. Na ɗaga shi wajen hasken gabas, sai ga tsaga siririya kamar gashi, wadda in ya bushe ko ka sa ido ba za ka gan ta ba.

Sai komai ya zauna mini daram. In mun sami rijiya, salka ta cika, mota ta daɗe a tsaye inji ya huce, ruwa ya yi ta ɗiga yana shiga ta tsagar, wuta ta bi ruwa ta watse. In mun kwana a daji salka ba komai, ta tashi lafiya. In ta ƙi kuma, Inna ta ɗauke salka ta tafi inuwa, ɗigo ya tsaya, zafin rana ya busar, ta tashi, ni in ce gyarana ne, Malam Tanko ya ce ƙafa ce.

Na goge murfin da gefen rigata, na narka ɗan ƙaro na liƙe tsagar ta waje, na mayar. Bugu ɗaya. Ban tsaya nan ba. Na kashe, na ɓamɓare ƙaron, na ce su matso. Na zuba ruwa ta hudar, muka ɗan jira, na murɗa, ta ƙi. Na goge, na murɗa, ta tashi. Alhaji ya dafe kai yana salati.

Malam Tanko ya yi gyaran murya ya ce, "To ai dai salkar tata ce."

Alhaji ya juyo ya ce, "Wa ya ce ta ɗora ta a nan?"

Tun da na san Malam Tanko, ranar ce kawai na ga ya rasa fassara.

Wata mata a bakin rijiya ta ce ta ga Inna tun da duhu-duhu, ta cika salka ta kai mota, sannan ta tambayi ta ina rana ke faɗuwa. Muka kama yamma. Mun yi tafiya mai ɗan nisa, har na fara tsoron ko ta saki hanya, sai na hango ta. Tana tafe cikin sawun tayoyin manyan motoci, tana lalubensa da ƙafa, ƙunshi a ka. Ba ta ɗauki ko kurɓin ruwa ba, ta bar mana. Da ta ji ƙarar mota sai ta koma gefe ta tsaya, ta ba mu hanya mu wuce.

Na tsaya. Alhaji ne ya fara sauka, ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta cikin yashi, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba.

"Hajiya, ki yafe mana. Ba ke ba ce. Mun zalunce ki."

Ta ce, "Ku tafi, Alhaji. Ga shi ta tashi da ba na nan."

Na ce, "Inna, ba ta tashi ba. Wallahi ƙi ta yi, kina nesa." Na kamo hannunta na kai ta gaban mota, na sa yatsanta a hudar, na yi mata bayani dalla-dalla, na ruwa da tsaga da rana. Ta saurara har na gama.

"To, na ji," in ji ta.

Alhaji ya ce ta shiga gaba, Malam Tanko ya koma baya. Ta ƙi. Ta hau wurinta tsakanin ƙiraga. Salka kuwa na rataye ta a gefen mota, tana ɗiga a ƙasa abinta.

Jif ba ta ƙara ƙi ba. Muka tsere wa ruwa da ƙyar, yana bin mu a baya har Fallomi, wadda yanzu ake ce wa Injamena. Muka ƙetare kogi a jirgin fito, muka sha tambayoyin masu kaki a Gambaru, muka shiga ƙasarmu. Na zaci magana ta ƙare. Amma tun daga ranar Inna ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda muka tsaya, in lokacin tashi ya yi, sai ta ɗauki sandarta ta yi nisa ta ba mu baya, sai ta ji inji ya kama sannan ta dawo ta hau. Na roƙe ta, Alhaji ya roƙe ta, har Malam Tanko ya saya mata goro a Yerwa ya ba ta da hannu biyu. Ta karɓa ta yi godiya, da safe kuma ta ɗauki sanda. Haka a Damaturu, haka a Fataskum, haka a Kari. Duk sanda na hango bayanta a madubi tana jira, sai in ji kamar in kashe motar in zauna in yi kuka.

A gida ruwa ya riga ya sauka. Da muka shigo ƙasar Gwaram ko'ina kore, gero ya kai idon sawu, mutane sun duƙufa noman farko. Na ji Inna a baya tana jan numfashi da ƙarfi, tana shaƙar ƙasa. Muka bar babban titi muka kama hanyar Fagam. Da itatuwan garin suka fito na waiwaya na ce, "Inna, ga Fagam can."

Ta buga jikin mota da sanda. "Tsaya nan, ɗana."

Na taka birki. Ta sauko da ƙunshinta.

"Inna, saura kaɗan fa. Har ƙofar gidan Baba Jibo zan kai ki."

"A'a. In ka kai ni, kashe motar za ka yi a gaisa, a kawo muku ruwa. In an gama ka murɗa ta ƙi fa? A ƙofar gidan Jibo, gari na kallo, ranar da na dawo?"

"Ba za ta ƙi ba, Inna. Na nuna miki hudar da hannunki. Na gyara."

"Na ji ka gyara, Allah ya yi maka albarka." Ta gyara zaman ƙunshin a kanta. "Mijina ma lafiyarsa ƙalau muka fita daga garin nan."

Ta lalubo hannuna ta taga ta riƙe, kamar ranar farko a rumfarta, sannan ta ce, "Kada ka kashe ta sai na shige."

Ta kama hanya a hankali, sanda a gaba. Can wata mata da ke noma a bakin hanya ta miƙe ta tsaya tana kallonta, ta daɗe, sannan ta ajiye fartanya ta nufe ta. Muna zaune mu uku, inji na ta aiki, mai na ƙonewa a banza. Alhaji bai ce mu tafi ba, ni kuma ban kashe ba.